Teburin ƙarshe a gasar foka: a raba kuɗin ko a buga har sai ɗaya ya rage?

A shekarar 2003, a birnin Las Vegas na Amurka, mutum 839 suka shiga babbar gasar foka ta duniya, wato wani wasan karta na kuɗi, kowace kujera a kan dalar Amurka 10,000. Aka yi kwanaki ana buga karta ana sallamar mutane har ya rage saura biyu. Ɗaya shi ne Chris Moneymaker, wani akanta daga jihar Tennessee da ya samu kujerarsa ta wata ƙaramar gasa a intanet, bai kuma taɓa zama a tebur mai girman wannan ba. Ɗayan kuwa Sam Farha ne, haifaffen Labanan, wanda ya daɗe yana ci da karta. Wanda ya zo na ɗaya zai tashi da miliyan 2.5, na biyu kuma miliyan 1.3. Kafin su ƙarasa, Moneymaker ya yi wa Farha tayin su daidaita tsakaninsu su raba kuɗin. Farha ya ƙi, don yana ganin ya fi baƙon iya wasa nesa ba kusa ba. Suka koma tebur, baƙon ya cinye shi.

Wannan labari ya iso fadojin samarin Maradi ta wayar hannu, kamar yadda ƙwallon Turai ya iso. Daga Bagalam zuwa Zariya za ka iske yara masu kallon bidiyon waɗannan gasa, ana dafa shayi ana gardama a kansu. Wani ya ce Farha ya yi wauta, ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Wani ya ce a'a, namiji ba ya zuwa bakin nasara ya tsaya ciniki. A ganina dukansu sun yi gaggawa, domin sakamakon wasan suka duba suka yanke hukunci. Da Farha ne ya ci, masu zaginsa su ne za su fara yaba masa. Abin da ya kamata a auna shi ne shawarar da ya yanke a lokacin da bai san wace karta za ta faɗo ba.

Kafin in yi nisa, akwai abin da ba zan ɓoye ba. Foka caca ce, hukuncin caca kuwa a bayyane yake cikin Suratul Baƙara aya ta 219 da Suratul Ma'ida aya ta 90 da 91. Ba na kiran kowa zuwa gare ta, kuma na ga gidajen da ta girgiza a garin nan. Amma tambayar da ke ƙarƙashin wannan gardama ta girmi foka, ta kuma fi ta faɗi: idan mutane suna takara kan dukiya, takarar ba ta ƙare ba, wani yana gaba wani yana baya, suka so su tsaya, nawa ne haƙƙin kowa? Kuma mene ne suke da ikon rabawa, mene ne ba nasu ba? Yaranmu suna kallon abin ko muna so ko ba ma so, gara su kalle shi da fahimta.

Gasar foka ta bambanta da kartar da ake bugawa da kuɗi tsaba. Kowa yana biyan kuɗin shiga iri ɗaya, a ba shi tarin kwabban roba daidai da na kowa. Waɗannan kwabbai ba a canza su kuɗi a taga, aikinsu kawai su riƙe mutum cikin wasa. Wanda nasa suka ƙare ya fita. Kuma akwai zubin dole da ake yi kowane zagaye, wanda ake ƙara masa yawa lokaci bayan lokaci don kada wani ya naɗe hannu yana jiran sauran su cinye juna. Ana biyan mutum gwargwadon matsayin da ya fita. Yawanci kusan kashi 15 cikin ɗari na waɗanda suka shiga ne ke samun wani abu, sauran sun yi asarar kuɗinsu gaba ɗaya. Cikin masu samun ma, kuɗin ya taru ne can sama. A babbar gasar Las Vegas ta 2024 mutum 10,112 suka shiga. Na tara ya samu dala miliyan 1, na uku miliyan 4, na biyu miliyan 6, zakaran kuma, Jonathan Tamayo, miliyan 10.

A dubi tazarar da ke tsakanin na ɗaya da na biyu: miliyan 4. Mutum ya shafe fiye da mako yana zaune sa'o'i goma ko fiye a kowace rana, ya wuce mutum dubu goma, sai a ce wannan miliyan 4 ɗin za a yanke hukuncinsa cikin ƴan sa'o'i, wani lokaci ma a hannu ɗaya, wato rabon karta guda. Kuma a daidai wannan lokaci ne gwaninta ke da ƙarancin tasiri, domin zubin dole ya yi girma idan aka gwada shi da abin da ke gaban kowa, ba a da sararin yin dabara mai tsawo. Sau da yawa mutum biyu za su tura duk abin da suke da shi tsakiyar tebur alhali damar kowannensu ba ta wuce rabi da rabi da wani abin kirki ba. Wannan shi ne asalin dalilin da ya sa ake sulhu. Kyaututtukan gasar mafi girma ana raba su ne a wurin da sa'a ta fi ƙarfi.

Masu shirya gasar ma sun gane haka tun da wuri. A shekarun farko, har zuwa 1977, wanda ya ci shi ke kwashe komai. Daga 1978 aka fara raba kuɗin ga mutane da dama, shekarar da Bobby Baldwin ya ci ya karɓi dala 210,000, rabin abin da aka tara. Ke nan tsarin biyan da ake gani yau shi kansa sulhu ne da aka rubuta tun kafin a raba karta. Sulhun teburin ƙarshe ƙari ne kawai a kansa.

Akwai hujja ta biyu, wadda wani masanin lissafi ɗan ƙasar Suwizalan, Daniel Bernoulli, ya rubuta tun 1738: darajar kuɗi a wurin mutum ta danganta da abin da ya riga ya mallaka. A ce an ba saurayin da ke tuƙa kabu-kabu zaɓi biyu. Ko ya karɓi Sefa miliyan 8 a hannu, ko a jefa kwabo, in ya faɗi ta wannan fuska ya samu miliyan 10, in ta waccan miliyan 6. A lissafi zaɓin biyu daidai suke. A rayuwarsa ba daidai suke ba, domin zafin rasa miliyan 2 daga cikin takwas ya fi daɗin ƙarin miliyan 2 a kansu. Da takwas ɗin ya riga ya lissafa fili da gini da jari. Attajirin da ke juya ɗaruruwan miliyoyi kuwa, jefa kwabon ba zai hana shi barci ba. Shi ya sa mutum biyu za su zauna a tebur ɗaya, da kwabbai iri ɗaya, ɗaya ya so a raba, ɗayan ya ƙi, kuma kowannensu yana da gaskiya. Wanda ya so rabon ba matsoraci ba ne. Ya san nauyin da ke kansa ne.

To, an yarda za a raba. Ta yaya? Nan ne maganar ta yi zurfi, nan ne kuma ake cutar wanda bai sani ba.

Tambayar ta fi shekara ɗari biyar. A 1494 wani Ba'italiye, Luca Pacioli, ya kawo ta cikin littafinsa na lissafi: mutum biyu suna wasa kan wanda zai fara cin zagaye kaza, sai wasan ya katse, yaya za a kasa kuɗin? Amsarsa ita ce a raba gwargwadon zagayen da kowa ya riga ya ci. Amsa ce mai kama da adalci, amma ba daidai ba ce, kuma sai a 1654 aka warware ta, cikin wasiƙun da Faransawa biyu, Blaise Pascal da Pierre de Fermat, suka yi wa juna. Misalin Pascal shi ne: kowa ya zuba tsabar zinariya 32, jimla 64, wanda ya fara cin zagaye uku ya kwashe. An tsaya ɗaya yana da biyu, ɗayan yana da ɗaya. A hanyar Pacioli na gaba zai ɗauki kashi biyu cikin uku. Pascal ya ce a duba abin da zai faru da an buga zagaye na gaba. In na gaba ya ci, duka 64 nasa ne. In ya faɗi, sun yi kunnen doki, kowa 32. Ke nan 32 ta riga ta zama tasa ko ta yaya. Sauran 32 ɗin kuwa damarsu a kanta ɗaya ce, sai a raba ta biyu. Na gaba ya ɗauki 48, na baya 16. Daga wannan musayar wasiƙu ilimin auna yiwuwar abu ya samo tushe, wanda kamfanonin inshora da masu hasashen yanayi ke aiki da shi a yau. Abin da suka gano shi ne, ba a auna haƙƙin mutum da wahalar da ya sha a baya, ana auna shi ne da damar da ta rage masa a gaba.

Mu kawo shi teburin ƙarshe da lambobin da na tsara don misali. Mutum uku suka rage. Kyautar na ɗaya Sefa miliyan 5, na biyu miliyan 3, na uku miliyan 2, jimla miliyan 10. Babba yana riƙe da kashi 60 cikin ɗari na kwabban da ke tebur, na tsakiya kashi 30, ƙarami kashi 10.

Abin da ƙaramin zai fara cewa shi ne, ƴan'uwa, mu raba daidai, dukanmu mun wahala. Kowa ya tashi da miliyan 3 da jika 333. Ba mai hankalin da ke riƙe da kashi 60 zai yarda da wannan, kuma ba rowa ce ta hana shi ba. Babban kuma zai iya cewa a raba gwargwadon kwabbai: shi miliyan 6, na tsakiya 3, ƙarami 1. Wannan ya fi na farko muni, domin ko da babban ya cinye wasan duka miliyan 5 ce iyakarsa, ƙaramin kuwa ko yanzu ya miƙe ya tafi yana da miliyan 2.

Don haka aka fi yin wata hanya ta uku mai kama da adalci. Kowa ya fara ɗaukar miliyan 2 da ya riga ya tabbatar, sauran miliyan 4 a raba gwargwadon kwabbai. Babba ya samu miliyan 4 da jika 400, na tsakiya miliyan 3 da jika 200, ƙarami miliyan 2 da jika 400. Hanya ce mai sauƙi, ana iya yin ta da ka, shi ya sa ta yaɗu a ƙananan gasa. Amma tana da rami. A ce babban kashi 80 yake riƙe da shi. Wannan lissafi zai ba shi miliyan 5 da jika 200, fiye da kyautar na ɗaya baki ɗayanta. Hanyar da za ta ba mutum fiye da abin da zai samu in komai ya tafi masa daidai, akwai ɓaraka a ginin ta, kuma ɓarakar tana nan ko da lambobin ba su kai inda za a gan ta da ido ba. Kullum mai yawa take fifitawa.

Dalilin shi ne kwabban gasa ba su da daraja ɗaya. Kwabon ƙarshe da ke gaban mutum shi ke riƙe da shi a kujera, kuma muddin yana zaune yana iya hawa matsayi ba tare da ya buga komai ba, in sauran biyu suka yi karo ɗaya ya fita. Kwabon da aka ƙara a kan babban tari kuwa ɗan abin da yake ƙarawa kaɗan ne, tunda kyautar na ɗaya tana da iyaka. Wanda ya tara kwabbai duka ɗari bisa ɗari, rabin kuɗin kawai zai karɓa a misalinmu.

Hanyar da gwanaye suka fi yarda da ita ana kiranta ICM, wato lissafin da ke auna kuɗin da kwabban kowa suka kai bisa damarsa ta zuwa kowane matsayi. Tushenta daga tseren dawaki ne. A 1973 wani masanin ƙididdiga, David Harville, ya fitar da hanyar lissafa damar doki ya zo na biyu ko na uku idan an san damar kowane doki ta zuwa na ɗaya. Masu cika takardar PMU a rumfunan LONANI sun san wahalar jera dawaki bi da bi. A 1987 Mason Malmuth ya kawo irin wannan lissafi cikin foka. Ga yadda yake: damar mutum ta zuwa na ɗaya ita ce kason kwabbansa. Don a san damarsa ta zuwa na biyu, sai a ɗauka wani ya ci, a cire shi da kwabbansa, a sake auna kason mutumin cikin waɗanda suka rage. A yi haka ga kowane wanda zai iya ci, a tara.

A misalinmu, damar ƙarami ta zuwa na ɗaya kashi 10 ce. In babba ya ci, abin da zai faru sau 60 cikin ɗari, ƙaramin yana da 10 cikin 40 da suka rage, wato kashi ɗaya cikin huɗu, wanda ya ba da 15. In na tsakiya ya ci, sau 30 cikin ɗari, ƙaramin yana da 10 cikin 70, wanda ya ba da 4 da ɗoriya. Ke nan damarsa ta zuwa na biyu ta kai kusan kashi 19, sauran kusan 71 kuwa na uku zai zo. In aka auna kowace dama da kyautarta aka tara, kujerarsa ta kai kusan miliyan 2 da jika 493. Ta na tsakiya miliyan 3 da jika 383. Ta babba miliyan 4 da jika 124.

A gwada da waccan hanya mai sauƙi. Babban ya ci ribar kusan jika 276 da ba haƙƙinsa ba. Kuma wanda aka fi kwasa ba ƙaramin ba ne, na tsakiya ne, wanda ya yi asarar kusan jika 183 yana murmushi yana ganin an yi masa adalci. Wannan shi ya fi damuna a lamarin. Cutar ba ta zuwa da ihu. Tana zuwa ne ta bakin wanda ya fi kowa saurin lissafi, da tsakar dare, kowa ya gaji, ya ce ai abin a fili yake, mu yi mu tashi. Idan mutum biyu kaɗai suka rage, hanyoyin biyu amsa ɗaya suke bayarwa. Bambancin yana fitowa ne daga mutum uku zuwa sama, yana kuma ƙaruwa idan tazarar kwabbai ta yi yawa.

ICM ma ba wahayi ba ne. Yana ɗauka dukan ƴan wasan gwanintarsu ɗaya, bai san wanda zubin dole zai faɗa wa a hannu na gaba ba, bai kuma lissafa yadda mai babban tari ke iya takura wa na tsakiya, wanda ke tsoron fita kafin ƙarami. Saboda haka gwanaye suna ɗaukarsa mafarin ciniki. Wanda ya san ya fi sauran zai ce a ƙara masa wani abu a kan lambar, kuma yana da hujja. Nan ne za mu iya yi wa Farha adalci. Lokacin da suka rage su biyu, Moneymaker yana da kusan ninki biyu na kwabbansa. In gwanintarsu ɗaya, kujerar Farha ta kai miliyan 1.3 da ya tabbatar, da kashi ɗaya cikin uku na miliyan 1.2 da ake takara a kai, wato kusan miliyan 1.7. Duk tayin da ya wuce haka, sai in fifikonsa na wasa ya isa ya cike gurbin ne ƙin karɓarsa zai zama daidai. Ya yi imani ya isa. Ni ina ganin gwanaye sun fi yawan kuskure a nan fiye da sababbi, domin sun saba auna fifikonsu a wasan dubban hannuwa, inda sa'a ke wankewa, alhali teburin ƙarshe gajere ne. Amma faɗuwarsa a wannan dare kaɗai ba ta tabbatar da cewa ya yi kuskure ba.

Duk da haka ina tare da wanda ya ƙi a wani wuri guda: haƙƙinsa ne. Ƙa'idar ko'ina ita ce sulhu ba ya ɗauruwa sai kowa ya yarda, mutum ɗaya ya ce a'a, a ci gaba da wasa. Abin da ke biyo baya a ƙananan gasa ba shi da kyau. Sai a taru a kansa, a ce haba Alhaji, kai kaɗai za ka hana mutane tafiya gida, a kira shi mai haɗama. Wani lokaci sauran su fara ɗaga wa juna ƙafa don su fitar da shi tukuna, wanda wannan maguɗi ne ƙarara. Mutumin ya biya kuɗinsa ne bisa tsarin biya da aka liƙa tun farko. Bai yi wa kowa alkawarin zai sauya shi ba. Kuma sau da yawa shawarar ba tasa ce shi kaɗai ba, domin manyan ƴan wasa suna sayar da kaso na abin da za su ci ga masu zuba musu kuɗin shiga, sai ya tuntuɓe su kafin ya amsa.

Sai batun amana, wanda lissafi ba ya warwarewa. Gasannin Turai na EPT, da aka fara a 2004, suna yarda da sulhu a fili. Ana tsayar da agogo, ma'aikatan gasa su fito da lambobi, kowa ya gani, a bar wani kaso a tsakiya da za a ci gaba da bugawa a kansa tare da kofi, sannan gidan ya biya kowa abin da aka amince. Babbar gasar Las Vegas kuwa ba ta shiga tsakani. Tana biyan kowa abin da ke rubuce ga matsayinsa. Wanda ya yi yarjejeniya a bayan fage ya dogara ne da cewa zakaran zai ciro kuɗi daga aljihunsa ya miƙa masa bayan an gama. Ga kuma haraji: hukuma ta san sunan wanda aka biya ne kawai, kuma baƙon da ƙasarsa ba ta da yarjejeniyar haraji da Amurka ana cire masa kashi 30 cikin ɗari tun a taga. Maganar baka kan irin wannan kuɗi tana iya ƙarewa a kotu. A 2006 Jamie Gold ya ci dala miliyan 12, sai wani mai suna Crispin Leyser ya shigar da ƙara cewa an yi masa alkawarin rabi tun kafin a fara gasar. Kotu ta riƙe miliyan 6 har suka sasanta a 2007. Ba sulhun teburin ƙarshe ba ne, amma ciwon iri ɗaya ne. A ganina hanyar Turai ta fi tsabta. Hana sulhu ba ya kashe shi, yana tura shi ne inda ba shaida.

Abin da ya rage shi ne wanda ya fi kusa da zuciyar mutumin Maradi. Mu da muka tashi muna jin sunan Kantu, wanda ya ɗauki takobin kokowa na farko a Tawa a 1975, har filin kokowar garin nan ke ɗauke da sunansa, mun san akwai abin da ya wuce ambulan ɗin kuɗi. A ce ƴan kokowa biyu da suka kai ƙarshe sun yi magana a ɗaki cewa duk wanda ya yi kaye zai ba ɗan'uwansa wani abu daga kyautar, sannan suka shiga fili kowa ya fitar da ƙarfinsa. Mutane za su yi gunaguni, amma kokowar da suka gani ta gaskiya ce. A ce kuwa sun shirya wanda zai faɗi. Wannan cin amanar makaɗa ne da ƴan kallo da jihohin da suka turo su, da duk wanda aka kayar a hanya. Kuɗin nasu ne su biyu, suna iya yin yadda suka so da shi. Takobin ba nasu ba ne tukuna, ba su da ikon sayar da shi.

A foka ma iyakar ke nan, kuma an taɓa ƙetare ta. A 1972, gasar tana da mutum takwas kacal, aka rage uku: Amarillo Slim, Puggy Pearson da Doyle Brunson. Brunson ba ya son sunansa ya fita a jaridu a matsayin ɗan caca, ya janye da wani kaso na kuɗin. Slim ya zama zakara, kuma har yau masu tarihin wasan suna tababar yadda aka ƙarasa wannan tebur. A 2025 abin ya dawo da sabuwar fuska a gasar da ake kira Millionaire Maker a Las Vegas. Wani kamfani na waje ya yi alkawarin ƙarin dala miliyan 1 ga ɗaya daga cikin mutum biyun ƙarshe in shi ya ci. Abokin karawarsa, wanda ke gaba da tazara mai yawa, ya yi ta zubar da kwabbai ta hanyar da ta sa masu kallo zargin haɗa baki. Masu gasar suka yi bincike, suka ce ba za a ayyana zakara ba, ba za a ba kowa munduwar zinariyar da ake ba wanda ya ci ba, aka raba kuɗin na ɗaya da na biyu tsakaninsu.

Akwai masu cewa ko sulhun kuɗi kaɗai yana ɓata wasa, domin wanda ya riga ya sa rabonsa a aljihu ba zai buga da zuciya ɗaya ba. Akwai gaskiya a ciki. An sha ganin tebur da aka yi sa'o'i ana taka-tsantsan, da an raba kuɗi sai a gama cikin mintuna, kowa na tura kwabbai ba tunani. Maganin shi ne kason da ake bari a tsakiya ya zama mai nauyi, wanda mutum zai ji zafin rasa shi, ba ɗan abin cika sharaɗi ba. A misalinmu na miliyan 10, in aka cire jika 500 ko miliyan guda daga kyautar na ɗaya aka ajiye, aka yi lissafin ICM a kan sauran, kowa ya rage haɗarinsa, kuma har yanzu akwai abin da zai sa ya zauna da kyau a kujera. Masu kallo kuma a gaya musu an yi sulhu da yadda aka yi shi, don su san abin da ake bugawa a kansa.